Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Daga Wata Gasar Ƙwallon Kwando Ta Kwamfuta

Na san wasu daga cikin masu bibiyar wannan shafi za su yi mamakin ganin malamin jami'a, wanda furfura ta fara leƙowa a gemunsa, ya bar matsalar tsaro da tsadar rayuwa da halin da ilimi ke ciki, ya zo yana ɓata tawada a kan wasan kwamfuta. Ina neman afuwa, tare da roƙon mai karatu ya daure ya bi ni zuwa ƙarshe. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, wasan nan da ake yi wa kallon shirme ya shiga tsakanin wasu aminai biyu da suka shafe sama da shekara 20 tare, kuma musabbabin rigimar bai wuce jimla biyu da aka rubuta cikin gaggawa ba. Tunda kuwa nazarin jimla shi ne abincina, ina ganin ina da ɗan abin cewa.

Bari in fara da bayanin wasan, saboda waɗanda ba su san shi ba. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta kulle jama'a a gida, har hukumar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka ta dakatar da wasanninta a ranar 11 ga Maris, mu 16 muka kafa wata gasa ta kwaikwayo don rage zaman kashe wando. Tsofaffin abokan makaranta ne da ƙannenmu, akwai likita da lauya da injiniya da ma'aikatan banki da mu malamai. Ba irin wasan nan da yara ke riƙe na'ura suna danne-danne ba ne. Kowannenmu yana riƙe da ƙungiya guda a matsayin manaja: shi zai sayi 'yan wasa, ya sayar, ya yi musaya da abokan hamayya, ya tsara wanda zai fara da wanda zai zauna a benci, kuma ya tabbatar albashin da yake biya bai haura iyakar da aka ƙayyade ba. Idan kowa ya gama shirinsa, sai manhajar kwamfuta ta buga wasannin da kanta, bisa lissafin ƙwarewar da ta ba kowane ɗan wasa, tare da ɗan kason sa'a. 'Yan wasan na bogi ne, amma suna tsufa, suna jin rauni, suna yin ritaya. A taƙaice, kowa a cikinmu yana kwaikwayon irin aikin da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya yi a ƙungiyar Toronto Raptors, inda ya yi kasadar musayar da ta kawo Kawhi Leonard a 2018, ƙungiyar ta ɗauki kofin NBA a 2019. Irin wannan wasa ma ya girmi kwamfutar gida, domin tun a 1961 wani Ba'amurke mai suna Hal Richman ya fara sayar da Strat-O-Matic, wanda ake yi da kati da ƙwayar ludo.

Da kakar wasa ta ƙare akan samu hutu na 'yan makonni, kuma a irin wannan hutu ne mutane kan yi sanyi, wasu ma su sulale. Don haka bara shugabanmu, wato injiniyan da manhajar ke cikin kwamfutarsa, ya kawo shawarar a yi wata 'yar gasa a lokacin hutun. Kowa ya yi na'am. Sai ya rubuto sanarwa kamar haka: matasan 'yan wasa kaɗai za a saka, kuma za a rufe karɓar sunaye a daren Juma'a. Iyakar dokar ke nan. Babu wanda ya yi tambaya, domin kowa yana ganin ya fahimta.

Injiniya mutumin gargajiya ne, a wurinsa daren Juma'a shi ne daren da idan gari ya waye Juma'a ce, kamar yadda iyayenmu ke lissafi. Saboda haka da safiyar Juma'a ya kunna kwamfuta ya buga zagayen farko. Shi kuwa likita, wanda ya kwana biyu yana kan aiki, lissafin ofis ya yi, ya turo sunayensa ranar Juma'a bayan lisha, sai ya tarar tuni manhaja ta zaɓar masa 'yan wasa yadda ta ga dama, an kuma lallasa shi sau biyu. Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka cinye shi ɗin ƙungiyar injiniya ce. A ɗaya gefen kuma, lauyanmu ya cusa gwarzon ƙungiyarsa mai shekara 26, wanda ya buga kaka shida a babbar gasa. Da aka yi masa magana, sai ya ce Majalisar Ɗinkin Duniya tana lissafa matashi daga shekara 15 zuwa 24, amma Yarjejeniyar Matasan Afirka ta 2006 ta kai shi har 35, kuma shi ɗan Afirka ne. Aka yi dariya, amma shi ya ɗauki kofin. Likita dai bai yi dariya ba. Ya faɗi wata magana mai kama da zargin maguɗi, injiniya ya mayar da martani, magana kuwa zarar bunu ce. Likita ya fice daga cikinmu, kuma tun daga lokacin gaisuwarsu ba ta wuce ta wurin ɗaurin aure ba.

Bana da hutu ya sake zagayowa, sai wani ƙaninmu ya ce mini, "Malam, tunda kai ne ka ƙure karatu a kan harshe, ai sai ka rubuta mana dokar da ba ta da ƙofar baya." Na karɓi aikin, amma na gaya masa gaskiya cewa babu dokar da ba ta da ƙofar baya. Abin da ake iya yi shi ne a rage ƙofofin, a kuma amince tun da wuri a kan wanda zai yi gadinsu. Ra'ayina, wanda shi ne gundarin wannan rubutu, shi ne dokar wasa tana buƙatar irin natsuwar da kowace doka ke buƙata, kuma lokacin rubuta ta shi ne lokacin da babu wanda ya san wa za ta amfana.

Me ya sa na ba abin wannan muhimmanci? A shekarar 1969 masanin falsafar harshe John Searle ya bambanta dokoki iri biyu. Akwai waɗanda ke tsara abin da dama yana nan, kamar dokar hanya, domin mutane suna tafiya tun kafin a ce a bi dama ko hagu. Akwai kuma waɗanda su ne ke samar da abin kansa. Ɗauki wasan dara: idan ka cire dokokinsa, abin da ya rage maka ramuka ne da tsinkaye. Dokokin wasa duk daga kashi na biyu suke. A gasar kwamfuta kuwa abin ya fi tsanani, domin babu fili, babu ƙwallo, babu 'yan kallo. Manhaja ta san yadda ake ƙirga maki da yadda ake busa laifi, amma ba ta san wane ne matashi ba, ba ta san daren Juma'a ba. Duk abin da ke tsakaninmu alkawari ne da aka ƙulla da kalmomi, idan kalmomin suka kwance, gasar ce gaba ɗaya ta kwance.

Abu na farko da na sa a takardar shi ne manufa. Mece ce gasar hutu take son cimmawa? Bara ba mu taɓa yi wa kanmu wannan tambaya ba. Likita ya ɗauka fagen gwada yara ne, lauya ya ɗauka fagen ɗaukar kofi ne, kuma babu wanda za a ce ya yi ƙarya. Dubi yadda masu abin suke yi. Gasar bazara ta Las Vegas, wadda aka fara a 2004, an kafa ta ne domin ƙungiyoyin NBA su ga sababbin 'yan wasansu da masu neman gurbi, kuma dokokinta sun bi wannan manufa. Kowane zango minti 10 ne maimakon 12, sannan a wasannin share fage ɗan wasa sai ya yi laifi 10 kafin a fitar da shi, maimakon shida na babbar gasa. Dalili a fili yake: yaron da aka zo gani ba shi da amfani a benci. Da zarar an rubuta manufa, rabin tambayoyin sun amsa kansu. Saboda haka sashe na ɗaya a takardata cewa ya yi, an shirya gasar ne domin 'yan wasan da ba su samu damar bugawa sosai a babbar gasa ba, kuma domin 'yan ƙungiya su ci gaba da zumunci a lokacin hutu. Duk wani saɓani da doka ba ta ambata ba, da wannan ma'auni za a auna shi.

Na biyu shi ne kalmomi, kuma a nan ne zan ɗan daɗe, tunda gonata ce. Kalmar "matashi" ba ta da laifi a hira. Tana da tsakiya wadda kowa ya yarda da ita, ɗan shekara 19 matashi ne, ɗan 60 ba matashi ba ne, amma gefenta a buɗe yake. Masanin shari'a ɗan Ingila H.L.A. Hart ya kawo wani misali a 1958 wanda har yau ake karantar da shi: idan aka rubuta cewa an hana shiga lambun shaƙatawa da abin hawa, mota dai ta haramta, to keken yara fa? Maganin irin wannan a gasa shi ne a musanya siffa da adadi. Amma adadin ma yana da nasa tarko. Idan ka rubuta "kada ya wuce shekara 23", wanda ya cika 23 da wata 11 ya wuce ko bai wuce ba? Idan ka ce "daga 19 zuwa 23", shin 23 ɗin tana ciki? Idan ka ce "kafin Asabar", wanda ya turo da asubahin Asabar fa? Sai na rubuta cewa, ɗan wasan da manhaja ta nuna shekarunsa 23 ko ƙasa da haka a ranar da aka rufe babbar gasa, kuma bai buga fiye da kaka biyu ba. Na sa "kuma" da gangan, domin da "ko" na rubuta, da gwarzon da ya shigo da wuri ya samu hanya, haka ma tsohon da ya shigo a makare.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta harshenmu da nake son 'yan'uwana masu rubuta dokokin ƙungiyoyi su lura da ita. Hausa tana da wakilin suna wanda ba ya nuna mai aikatawa: an ce, ana so, za a duba, a hukunta. Ni'ima ce babba a zamantakewa, da ita ake faɗar laifi ba tare da an nuna mutum da yatsa ba, da ita ƙarami ke yi wa babba magana cikin ladabi. Amma a cikin doka rami ce. "Za a rufe karɓar sunaye." Wa zai rufe? "Za a hukunta wanda ya saɓa." Wa zai hukunta, da wane hukunci, kuma ina wanda aka hukunta zai kai kuka? Na bi takardata layi-layi, duk inda na ga "za a", na cire na sa sunan muƙami. Haka na yi wa "ya kamata", wadda nasiha ce ta sa rigar doka. Idan abu wajibi ne a ce "dole ne", idan zaɓi ne a ce "yana da damar". Doka ba wurin kara ba ce, karar da aka yi a takarda ita ce ke dawowa ta zama gaba a zahiri.

Na uku, kowace doka a tambaye ta: me kike koya wa mai wayo? A nan tarihin wasanni cike yake da darasi, kuma ɗaya daga ciki ya shafi ɗan ƙasarmu. Domin a taimaki masu rauni, NBA takan ba ƙungiyoyin da suka fi shan kashi damar fara zaɓen sababbin 'yan wasa. Daga 1966 zuwa 1984, kwabo ake jefawa tsakanin ta ƙarshe a gabas da ta ƙarshe a yamma. Niyya mai kyau, amma me ta koyar? A 1984, lokacin da kowa ya san Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, zai shigo, aka yi ta zargin ƙungiyar Houston Rockets da zubar da wasanni da gangan don ta ƙare a ƙasa. Ta ƙare a ƙasan, ta ci kwabon, ta ɗauki Olajuwon. Shekara ta gaba, 1985, hukumar ta koma yin ƙuri'a tsakanin duk ƙungiyoyi bakwai da ba su kai zagayen gaba ba. Duk da haka cutar ba ta warke ba. A 2019 sai da aka sake gyara, aka daidaita rabon ƙungiyoyi uku na ƙarshe a kan kashi 14 cikin 100 kowacce, a 2023 kuma aka ci Dallas Mavericks tarar Dala 750,000 saboda ajiye manyan 'yan wasanta a wasan da take da sauran dama. Dokar da ta sa faɗuwa ta zama riba, za ta samu masu faɗuwa.

Masu sha'awar ƙwallon ƙafa ma ba a bar su a baya ba. A gasar yankin Karebiyan ta 1994, masu shiryawa suka ƙirƙiro cewa dole kowane wasa ya samu gwani, kuma ƙwallon da aka ci a ƙarin lokaci tana kashe wasa, tana kuma matsayin biyu. Barbados na buƙatar cin Grenada da tazarar ƙwallo biyu, ga shi tana da 2 da 1 lokaci ya kusa ƙarewa. Sai 'yan Barbados suka ci gidansu da gangan aka koma 2 da 2, domin a je ƙarin lokaci. 'Yan Grenada suka farga cewa ko wace raga suka zura wa ƙwallo sun tsallake, aka wayi gari Barbados na tsaron raga biyu. A ƙarshe ta ci a ƙarin lokaci ta wuce. Mu ma nan gida ba mu manta da abin kunyar da ya faru a Bauchi a watan Yulin 2013 ba, inda ƙungiyoyi biyu masu neman hawa mataki suka yi kunnen doki a maki, ya rage sai yawan ƙwallaye. Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Bubayaro 67 da nema, akasarin ƙwallayen bayan hutun rabin lokaci. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta yi hukunci mai tsanani, kuma sun cancanta, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da wannan ido na dubi shawarwarin da 'yan ƙungiyarmu suka kawo. Wasu masu tausayi sun ce a ƙara wa 'yan wasan ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ƙwarewa, don ta farfaɗo. Na ce wannan kiran Houston ne. Wasu sun ce zakara a ba shi zaɓin farko a kaka mai zuwa. Na ce wannan ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne, kuma idan lada ta yi tsoka haka, kowa zai zama lauya. Na ba da shawarar ladar ta tsaya a kofi da suna, kada komai na gasar hutu ya tsallaka zuwa babbar gasa, har da rauni, domin babu wanda zai saka yaronsa mai tasowa idan zai iya rasa shi na tsawon kaka. Idan aka yi kunnen doki a rukuni, a fara duba wanda ya ci wani a karawarsu, sannan tazarar maki, amma kada a ƙirga fiye da 15 a wasa ɗaya, sannan ƙuri'a. Kuma wasannin ƙarshe na kowane rukuni a buga su lokaci guda, da sunayen da aka riga aka miƙa a rufe.

Na huɗu shi ne lokaci. A 1971 John Rawls ya yi suna da wata hikima, cewa idan ana son tsari na adalci, a sa mutane su tsara shi alhali ba su san matsayin da za su samu kansu a ciki ba. Duk wanda ya taɓa halartar rabon naman watanda ya san wannan tun kafin ya ji sunan Rawls. Mai kasafi yana daidaita kashi-kashi tsakani da Allah ne saboda bai san wanne ƙuri'a za ta ba shi ba. Da za a ce masa na gefen dama naka ne, da hanta ta san inda za ta faɗa. To haka dokar gasa. Idan aka bari sai an raba rukuni, kowa ya ga 'yan wasansa, to duk wanda ya buɗe baki lissafin ƙungiyarsa yake yi, ko da shi kansa bai sani ba. Mai gwarzo ɗan 24 zai gano cewa hikima tana cikin 24, mai ɗan 22 zai rantse cewa 22 ce adalci. Don haka na nemi a kammala dokar, a kaɗa mata ƙuri'a, kafin a buɗe jerin sababbin 'yan wasa.

Wannan ba yana nufin doka ba ta canzawa ba. A ranar 22 ga Nuwamban 1950 Fort Wayne Pistons ta ci Minneapolis Lakers da maki 19 da 18, saboda ta riƙe ƙwallo ta ƙi jefawa, kuma babu dokar da ta karya. Ba a ƙwace nasarar ba. Abin da aka yi shi ne, a 1954 aka kawo agogon daƙiƙa 24, wanda mai ƙungiyar Syracuse, Danny Biasone, ya yi ta fafutuka a kai. Lissafin mai sauƙi ne: wasan minti 48 daƙiƙa 2,880 ne, a raba da jifa 120 da ake son gani, ya ba da 24. A kakar farko matsakaicin makin ƙungiya ya tashi daga 79.5 zuwa 93.1. Gyara ne mai kyau, an yi shi tsakanin kaka da kaka, kuma ya hau kan kowa daidai. Shi ya sa na ƙi goyon bayan masu cewa a ƙwace kofin lauya, duk da cewa ni ma abin da ya yi bai burge ni ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya hana a kama mutum da laifi a kan abin da ba laifi ba ne lokacin da ya aikata shi, kuma ban ga dalilin da zai sa ƙa'idar da ta dace da kotu ta gagari zauren abokai ba. A takardata, gyara yana buƙatar kashi biyu cikin uku, kuma sai a gasa ta gaba zai fara aiki.

Na biyar, kuma wanda ya fi wuyar faɗa, shi ne matsayin shugaba. Duk wanda ya buga ƙwallon unguwa ya san ikon mai ƙwallo: shi ne kyaftin, shi ne alƙalin wasa, idan ya fusata kuma ya ɗauke abarsa a watse. A gasar kwamfuta, mai riƙe da manhaja ya fi mai ƙwallo iko, domin yana iya buga wasa a ɗakinsa, idan sakamakon bai yi masa ba ya goge ya sake, babu wanda zai sani. Na san injiniya tun muna ɗalibai, zan iya dafa kafaɗarsa a ko'ina cewa bai taɓa yin haka ba. Amma tsarin da ya dogara ga shaidata a kan halinsa zalunci ne gare shi, domin ya bar shi ba shi da abin kare kansa ranar da zargi ya zo, kamar yadda ya zo bara. Don haka na rubuta cewa kowane wasa sau ɗaya za a buga shi, a gaban shaidu biyu ta kiran bidiyo, kuma duk ƙarar da ta shafi ƙungiyar shugaba, mutum uku da ƙuri'a ta fitar ne za su yanke, su rubuta dalilinsu. Da farko ya ji babu daɗi, ya ce, "Dakta, wato kai ma ba ka yarda da ni ba?" Na ce masa garkuwa na ƙera masa.

Na san akwai masu cewa wannan duk ɗaukar dala ba gammo ne, wasa ne fa, yawan doka kuma yana kashe nishaɗi. Akwai gaskiya a maganarsu. James Naismith, wanda ya ƙirƙiri ƙwallon kwando a garin Springfield na Amurka a Disambar 1891, dokoki 13 kacal ya rubuta a shafi biyu, takardun da aka sayar sama da Dala miliyan 4 a 2010. Ya hana gudu da ƙwallo a hannu, bai ce komai ba game da buga ta a ƙasa ana tafiya. 'Yan wasa suka gano wannan kafa, kuma yau ita ce ƙawar wasan. Ke nan ba kowace kafa ce ɓarna ba, wata dabara ce, kuma dokar da ta toshe kowace kafa ta toshe basira. Na yarda. Shi ya sa tawa ba ta wuce shafi ɗaya ba, ba ta ce uffan ba a kan salon wasa ko dabarun manaja. Abubuwa biyar kawai ta ɗaure: wa zai buga, yaushe, me za a ci, wa zai yi hukunci, yaya za a gyara. Masu cewa amana ta isa kuwa, ina tuna musu cewa bara ma akwai amana, kuma ita ce ta fara jin ciwo.

Mai karatu zai ga cewa maganar ta wuce ƙwallon kwando. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai nawa ne suka dare biyu a kan ma'anar "wa'adi biyu"? Adashi nawa ne ya watse saboda ba a faɗi abin da za a yi wa wanda ya kwasa ya daina zubi ba? Kwamitoci nawa muka zauna, a jami'a da wajenta, inda ake tsara sharuɗɗa bayan an ga sunayen masu nema? Hatta a matakin ƙasa, a ranar 16 ga Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin gyaran tsarin mulki, gyare-gyare fiye da 100 suka bi ruwa, masu amfani da marasa amfani, saboda guda ɗaya a cikinsu, wato tazarce, kowa ya san wanda aka ɗinka wa shi. Al'ummar da ta saba rubuta ƙananan dokokinta da sakaci ba za ta wayi gari ta iya rubuta manya ba, kuma babu wurin koyo mai arha kamar wasa, inda kuskure ba ya cin dukiya ko rai.

Na miƙa takardar, 'yan ƙungiya 13 cikin 15 suka amince da ita. Na kuma aika wa likita kwafi, tare da saƙon injiniya cewa har yanzu ƙungiyarsa tana nan ba a ba kowa ba. Bai ce zai dawo ba, bai kuma ce ba zai dawo ba. Tambaya ɗaya kawai ya turo: yaushe ake rufe karɓar sunaye? Na ce ya duba sashe na uku. An rubuta, ƙarfe 10 na dare agogon Nijeriya, ranar Alhamis, wato daren da idan gari ya waye Juma'a ce. Muna sauraren sunayensa. Allah Ya sa mu dace.